Yadda ake haɗa sashen wuta na fono mai bawul, daga taransfoma zuwa kunnawar farko

Tambayar da ta fi zuwa daga masu haɗa ƙaramar amfilifayar faifan garmaho da hannunsu, wato fono, kusan iri ɗaya ce. An bi zane tiryan-tiryan, an sayi bawul masu kyau, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, kiɗa yana fita, amma akwai wani ƙugi a ƙarƙashinsa da ya ƙi tafiya. Sai mutum ya canza bawul, ya ƙaro manyan kafasito, ƙugin yana nan daram. Galibi laifin ba na zanen sauti ba ne. Yana wajen wuta: inda aka ajiye taransfoma, yadda aka ciyar da hitar bawul, wato zaren da ke ɗumama shi, da yadda aka bi da wayoyin sifili, waɗanda wuta ke komawa ta cikinsu.

Dalilin a fili yake. Kan allura irin MM, mai maganaɗisu mai motsi, yana fitar da kusan 5mV ne kacal. Fono yana ninka wannan sau 100 a 1kHz, kuma saboda gyaran RIAA, ƙa'idar daidaita sautin faifai, yana ƙara wa ƙananan sautuka ƙarfi fiye da haka: a 50Hz ninkin ya kai kusan sau 700. Wutar Najeriya da Nijar da Gana kuwa 50Hz ce. Ke nan duk wani ɗigon wutar gida da ya shiga layin sauti, ya faɗa daidai inda kunnen fono ya fi buɗewa.

Misalin da za mu bi fono ne mai bawul uku: 12AX7 guda biyu masu ƙara sauti, da 12AU7 guda ɗaya a mafita. A Turai ana kiransu ECC83 da ECC82. In zanenka ya bambanta, lambobi ne za su canza, tsarin aikin ɗaya ne.

Gargaɗi tun kafin a taɓa komai: a cikin wannan akwati akwai wuta sama da 300V, kuma kafasito yana riƙe ta bayan an zare filogi. Tana kisa. Wanda bai taɓa haɗa ko ƙaramin sashen wuta na 12V ba, ya fara da wancan, ko ya zauna kusa da gogaggen mai gyaran rediyo ranar kunnawa.

1. Kayan aiki

Kana buƙatar mita mai jure aƙalla 600V, da wayoyinta masu ɗan maƙali don ka maƙala su ka janye hannu. Sai ƙarfen liƙi da dalma, da kwan lantarki mai zare na 40W a cikin mariƙinsa, da rezisto 47k na 5W da aka liƙa wa waya mai rufi a kowane gefe don zubar da cajin kafasito. Ka tanadi kuma rezisto biyu na gwaji: 27k na 10W da 27Ω na 10W. Akwai manhaja kyauta mai suna PSU Designer II ta Duncan Amps, wadda za ka zana sashen wutar a kwamfuta ka ga boltej ɗin kowane mataki kafin ka sayi ko dayod ɗaya. Tana rage asara sosai.

2. Lissafa abin da fono zai sha

Kada ka sayi taransfoma kafin wannan lissafi. Kowane 12AX7 bawul biyu ne a gilashi ɗaya, kuma kowane rabi yana shan kusan 1mA. Rabi huɗu, 4mA ke nan. Rabi biyu na 12AU7, in kowanne yana shan 3mA, sun zama 6mA. Ƙara abin da rezistocin zubar da caji za su sha, kusan 1.5mA. Jimilla ka ɗauka 12mA a babban layi, wanda ake rubutawa B+ a zane.

Hita kuma lissafinta daban. Kowane ɗayan bawul ɗin nan yana shan 150mA a 12.6V, ko 300mA a 6.3V. Za mu bi ta 12.6V, saboda haka uku sun zama 450mA. Lura da wani abu: hita tana cin kusan 5.7W, babban layi kuwa kusan 4W ne. Ɓangaren da mutane ke rainawa shi ne ya fi jan wuta, shi ya sa ya fi haddasa ƙugi.

3. Auna wutar gidanka, sannan ka zaɓi taransfoma

A takarda wutar Najeriya 230V ce. A soket kuwa kowa ya san labari. Ka auna da safe, ka auna da daddare lokacin da kowa ya kunna kayansa, ka auna kuma a kan janareto ko inbata in da su za ka riƙa sauraro. Rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma. Mafi girman shi zai faɗa maka irin kafasiton da za ka saya, mafi ƙanƙantan kuma shi zai nuna ko madaidaicin hita, wato abin da ke riƙe boltej ɗinta a tsaye, zai iya riƙe aikinsa.

Taransfoma biyu nake ba da shawara. Na babban layi ya ba da 250V, 40mA zuwa 50mA. Na hita ya ba da 15V, 1.5A. Kada ka yi mamakin ratar da ke tsakanin 12mA da 50mA: in dayod huɗu suna cika kafasito, naɗin taransfoma yana ɗaukar kusan ninki 1.8 na abin da ke fita a DC, sauran kuma sarari ne don kada ya yi zafi.

Na 15V ba wuya, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a Alaba ta Legas. Na 250V shi ne aiki, kuma hanyoyi uku ne. Ta farko, ka yi odarsa daga waje. A nan ka buɗe ido: kamfanin Hammond na Kanada, alal misali, yana da jerin 200 da aka yi don wutar Amurka mai 60Hz, da jerin 300 mai karɓar wutar ƙasashe daban-daban a 50Hz ko 60Hz. Jerin 300 ne namu. Taransfoman da aka naɗa don 60Hz kaɗai yana zafi a 50Hz, yana kuma watsa maganaɗisu fiye da kima.

Hanya ta biyu, ka ba mai naɗin taransfoma. Ka ce masa ya lissafa naɗin shiga kamar wutar 250V za a ba shi, amma naɗin fita ya ba da 250V lokacin da aka sa masa 230V. Ƙarin zagayen nan yana sa ƙarfen ya yi aiki cikin sauƙi, ba zafi ba kuka. In zai iya, ya sa siririn fallen tagulla tsakanin naɗin shiga da na fita, ya fito masa da waya ɗaya da za a ɗaure a jikin akwati. Bakin fallen biyu kada su haɗu da juna, in sun haɗu taransfoman zai ƙone.

Ta uku ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi: taransfoma biyu na 15V a haɗa su baya da baya. Na farko babba, kamar 3A, ya sauke 230V zuwa 15V. Na biyu ƙarami a juya shi, ya mayar da 15V sama. Abin da ke fita yakan gaza 230V kaɗan, don haka B+ zai yi ƙasa da na misalinmu, sai ka rage rezistocin tacewa. Tana aiki.

Gargaɗi: kada ka taɓa ɗaukar wuta kai tsaye daga soket zuwa dayod ba taransfoma a tsakani, ko da lissafi ya nuna za ka sami 320V a banza. Jikin garmaho da hannun allura za su iya ɗaukar wutar gida. Haka kuma taransfoman na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, mai ba da kusan 2000V, ba shi da gurbi a wannan aiki ko kaɗan.

Batun kuɗi: taransfoman 250V da akwatunan ƙarfe biyu su ne za su cinye mafi yawan abin da ka ware. Kafasito bakwai masu jure babban boltej ke biye. Dayod, rezisto, fiyus da madaidaici kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In za ka yi tsimi, yi shi a kwalliyar akwati. Kada ka yi shi a kafasito ko a soket ɗin kebul.

4. Raba akwati biyu

Wannan mataki shi kaɗai ya fi duk wata dabara da za ta biyo baya. Taransfoma yana watsa maganaɗisu a 50Hz, kuma wayoyin shigar fono da kan allurar kansa suna kama shi. Babu kafasiton da ke tace wannan, nisa ne kawai maganinsa. Saboda haka taransfoma biyu, dayod, kafasito uku na farko da madaidaicin hita su zauna a akwati ɗaya. Bawul da sauran tacewa su zauna a ɗayan. Tsakaninsu kebul mai kimanin mita ɗaya, akwatin wuta a ƙasa, fono a kan kanta kusa da garmaho.

Kebul ɗin waya biyar ne: B+, sifilinsa, wayoyin hita biyu a murɗe da juna, da wayar ƙasa mai haɗa jikin akwatunan biyu. Rufin wayar ya zama mai jure 600V.

Gargaɗi: ɓangaren soket mai ramuka shi zai kasance a akwatin wuta, mai tsinkaye kuma a fono, don kada 300V ta tsaya a kan tsinke a fili. Kuma kada ka yi amfani da soket irin RCA ko XLR a nan. Wata rana wani zai ɗauka na sauti ne ya soka a amfilifaya.

5. Ƙofar shigar wuta

Soket mai ƙafa uku irin na kwamfuta, sai fiyus, sai makunni, sai taransfoma. Fiyus ya zama mai jinkirin tsinkewa, T315mA ko T500mA, a kan waya mai wuta. Bayan fiyus ka sa barista, wani irin rezisto na kariya, mai lamba 275VAC tsakanin mai wuta da nutural, don ta shanye tsallen da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita.

Wayar ƙasa ta tafi kai tsaye zuwa jikin akwati, a kan kusoshinta ita kaɗai, a kankare fenti a ɗaure tam. A gidaje da yawa ƙafa ta uku ta soket ado ce kawai, ba a haɗa ta da komai ba. Ka sa mai aikin wayarin ya duba maka. In babu, a kafa sandar ƙasa kafin ka fara sauraro.

6. Dayod da kafasito na farko

Dayod huɗu UF4007 a tsarin gada. Suna jure 1000V kamar 1N4007 da kowa ya sani, amma sun fi saurin rufewa, don haka ba sa tayar da ƙara mai kaifi. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Wutar 250V AC in ta bi ta gada tana zama kusan 350V DC ba kaya, ta sauka wajen 340V in fono yana sha.

Kafasito na farko 47µF. Boltej ɗinsa 450V ne mafi ƙaranci, 500V ya fi kwanciyar hankali, domin in wutar gida ta haura 250V kuma bawul ba su yi zafi ba tukuna, layin zai iya wuce 400V. Nemi mai lambar 105°C. A zafin watan Afrilu, cikin rufaffen akwati, na 85°C yana saurin tsufa.

A nan ne mutane ke zuba 470µF suna ganin sun yi gwaninta. Ba ya taimakawa. Babban kafasito a farko yana sa taransfoma ya riƙa cika shi da gajerun fizga masu ƙarfi, su kuma fizgar nan su ne ke bi ta wayoyin sifili su fito a sifika. Da 47µF da 12mA, rawar da ta rage a kan layin kusan 2.5V ce a 100Hz, kuma matakan gaba za su share ta. Wayoyin da suka haɗa taransfoma, gada da wannan kafasito su zama gajeru, a murɗe.

Mai son bawul a madadin dayod zai iya sa EZ81. Yana da kyau, kuma wuta tana tashi a hankali. Amma yana buƙatar naɗi mai tsakiya, 250-0-250, da hitarsa ta 6.3V mai shan 1A, kuma kafasito na farko kada ya wuce 50µF. A ganina a fono mai shan 12mA wannan ƙarin kuɗi da zafi ne da kunne ba zai biya ka ba, in dai tacewar da ke gaba ta yi kyau.

7. Tacewa mataki-mataki

Abin kamar tankaɗen gari ne, rariya uku a jere sun fi babbar rariya guda. A 100Hz kafasito 47µF yana zama kamar rezisto 34Ω. In ka sa 2.2k a gabansa, rawar wuta za ta ragu kusan sau 65.

A akwatin wuta ka yi haka sau biyu. Daga kafasito na farko, rezisto 2.2k na 2W zuwa na biyu mai 47µF: boltej ya sauka da 26V zuwa kusan 314V, rawa ta koma wajen 40mV. Wani 2.2k zuwa na uku: boltej kusan 288V, rawa ƙasa da 1mV. Daga nan wuta ta shiga kebul.

A akwatin fono ka raba layin biyu, hagu da dama, kowanne da nasa. Rezisto 3.3k da 47µF su ciyar da 12AU7 da mataki na biyu na 12AX7, a kusan 270V. Daga nan 22k da wani 47µF su ciyar da matakin farko shi kaɗai, a kusan 250V. Matakin farko ne mai karɓar 5mV ɗin nan, shi ya kamata ya sha wuta mafi tsabta. Kowane kafasito ya zauna dab da bawul ɗin da yake ciyarwa.

Rabuwar nan tana da wani amfani. In matakai uku suna sha daga kafasito ɗaya, na ƙarshe yana iya girgiza layin, na farko ya ji girgizar ya ninka ta, sai fono ya kama bugu fut-fut-fut, kana ganin takardar sifika tana shiga tana fita. In ka gamu da haka, duba 22k da kafasitonsa.

Gargaɗi: ƙananan rezisto na kwata wat yawanci 250V suke jurewa, komai ƙarancin zafin da lissafi ya nuna. A babban layi ka yi amfani da na 2W.

Cok fa, wato naɗin waya a kan ƙarfe da ake sawa a gurbin rezisto? Cok mai 10H da 47µF yana rage rawa kusan sau 185 ba tare da zubar da boltej mai yawa ba. Sai dai yana da tsada da nauyi, yana kama maganaɗisun taransfoma, kuma shi da kafasiton suna da amon kansu wajen 7Hz, kusa da inda lanƙwasar faifai da hannun allura ke motsi. A wuta kaɗan irin wannan rezisto ya wadatar.

8. Madaidaicin babban layi

Rezisto da kafasito suna share rawar 100Hz, amma ba sa hana hawa da saukar wutar gida a hankali, irin wadda ke faruwa in firij ya tashi ko maƙwabci ya kunna injin walda. Fono yana jin wannan, sai ka ga sifika tana numfashi ko ba kiɗa. Wanda wutarsa ke tsaye zai iya tsallake wannan mataki. Mu kam yawancinmu muna buƙatarsa.

Hanya mai sauƙi ita ce IRF820, taransisto mai jure 500V da ƙafafu uku, get, sos da diren, a gurbin rezisto 2.2k na biyu. Jera dayod zena, masu tsayar da boltej, guda biyar masu 51V, irin 1N4757A, su ba da 255V, ka ciyar da su ta rezisto 47k daga kafasito na biyu. Daga kan zenar, 220k da 22µF su tace ta kafin ta isa ƙafar get, wannan kuma yana sa wuta ta tashi a hankali cikin daƙiƙu. Liƙa rezisto 1k dab da ƙafar get, da zena 12V tsakanin get da sos. Za ka sami kusan 250V a tsaye. Ƙa'idar ita ce abin da ke shiga ya ɗara abin da ke fita da aƙalla 20V a lokacin da wutar gidanka ta fi yin ƙasa. In zanenka yana son 250V a matakin farko, sai ka nemi taransfoma mai 280V, ka ƙara zena, ka sa kafasito na 500V. Akwai kuma tsarin Maida, wanda kamfanin National Semiconductor ya wallafa a 1980, mai amfani da LM317. Ya fi riƙe boltej, ya kuma fi yawan kaya.

Gargaɗi: ƙarfen bayan IRF820 yana ɗauke da sama da 300V. Farantin sanyaya shi kada ya taɓa akwati. Kuma in tsinken mita ya zame ya haɗa mafitarsa da sifili, nan take ya mutu.

9. Hita

A amfilifaya babba ana ciyar da hita da AC a zauna lafiya. A fono DC ce, kuma madaidaiciya. Daga taransfoman 15V, gada ta dayod 1N5822 huɗu, sai kafasito 4700µF na 35V. Za ka ga wajen 19V zuwa 20V, da rawar kusan 1V. Sai LM317, da rezisto 240Ω tsakanin mafita da ƙafar saiti, da 2.2k daga ƙafar saiti zuwa layin koma na hita. Wannan yana ba da kusan 12.7V. In ba ka son lissafi, 7812 yana ba da 12V, bawul za su yi aiki lafiya a haka.

Madaidaicin zai zubar da kusan 3W a matsayin zafi, fiye da haka in wuta ta yi sama. Ba shi faranti mai girma, ka huda wa akwatin ramukan iska a sama da ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne amfani da taransfoma mai 12V. Madaidaici yana son abin da ke shiga ya ɗara na fita da 2V zuwa 3V. In bai samu ba, sai ya saki rawar 100Hz ta wuce zuwa hita, kuma wannan ta fi AC tsantsa muni. Ko da 15V, in wutar gida ta faɗi ƙasa da 190V haka zai faru. In ka lura fono yana shiru da safe yana ƙugi da daddare, to ga inda matsalar take. Magani shi ne sitabilaiza, ko taransfoma mai 18V da faranti mafi girma.

A 12AX7 da 12AU7, wutar 12.6V tana shiga ƙafa ta 4 da ta 5, ta 9 a bar ta ba haɗi. Murɗe wayoyin, ka kwantar da su a jikin akwati nesa da ƙafa ta 2 da ta 7, inda sauti ke shiga. Ka auna boltej a ƙafar bawul, ba a akwatin wuta ba, domin kebul yana cin nasa.

Gargaɗi: 6922 da 6DJ8 suna shiga soket iri ɗaya, amma hitarsu 6.3V ce kawai a ƙafa ta 4 da ta 5. In ka soka su a wannan layi sun ƙone.

10. Ɗaga hita da zubar da caji

A zane da yawa katod ɗin 12AU7, wato ɓangaren da hita ke ɗumamawa, yana zaune wajen 150V. Rufin da ke tsakaninsa da zaren hita siriri ne, kuma takardun bayanin wasu kamfanoni sun iyakance bambancin a 100V na DC. Saboda haka ba a haɗa layin hita da sifili kai tsaye, ɗaga shi ake yi. Daga kafasito na uku sa 220k na 2W, a ƙarƙashinsa 68k zuwa sifili, da kafasito 10µF na 160V a kan 68k ɗin. Mahaɗarsu za ta ba da kusan 68V. Haɗa ta da layin koma na hita, a wuri ɗaya tak. Yanzu katod mai 150V ya ɗara hita da kusan 80V, na matakin farko kuma yana ƙasa da ita da kusan 70V zuwa 80V. Kowa yana cikin iyaka.

Tunda duk layin hita ya hau 68V, ƙarfen bayan LM317 ko 7812 ma ba zai taɓa akwati ba. Sa masa mayanin maika da wosha mai rufi.

Rezistocin nan biyu su ne kuma ke zubar da caji in an kashe. Amma a hankali suke yi, zai iya ɗaukar minti huɗu kafin layin ya sauka ƙasa da 30V. Akwatin fono ma yana buƙatar nasa, 470k na 2W daga B+ zuwa sifili, domin in an zare kebul kafasitocinsa huɗu ba su da wata hanyar saukewa.

11. Layin sifili

Kowane kafasito da matakin da yake ciyarwa su haɗa sifilinsu a wuri ɗaya. Sannan waya mai kauri ta bi wuraren nan a jere, daga kafasito na farko zuwa na ƙarshe, ba tsallake. Sifilin gada ya tafi ƙafar kafasito na farko kai tsaye, kada komai na sauti ya raɓi wannan guntun wayar.

Layin sifili ya taɓa jikin akwati a wuri ɗaya kawai, kusa da soket ɗin shigar sauti na fono, inda kusoshin wayar garmaho yake. Soket ɗin RCA su zama masu wosha, kada jikinsu ya taɓa akwati. A akwatin wuta kuma sifilin B+ ba ya taɓa ƙarfe sam.

In ƙugi yana zuwa ne kawai bayan an haɗa fono da amfilifaya mai ƙafa uku, wayoyin ƙasa ne suka yi zobe. Sa rezisto 10Ω da kafasito 100nF da babbar gada mai 35A, wadda aka haɗa dayodinta suna kallon gaba da baya, duka ukun gefe da gefe, tsakanin sifili da jikin akwati. Kada ka yanke wayar ƙasa don kashe ƙugi. Ita ce ke tsakaninka da wutar gida ranar da taransfoma ya lalace.

12. Kunnawar farko

Ba bawul, ba fono. Akwatin wuta kaɗai. Sa 27k a mafitar B+, da 27Ω a mafitar hita, su ne za su tsaya a madadin fono. Maƙala mita a kafasito na farko kafin ka kunna. Jera kwan 40W da waya mai wuta, ya zama sai ta bi ta cikinsa za ta isa akwatin. Dole ya zama mai zare, na LED ba ya wannan aiki.

Kunna ka kalli kwan. In ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, kashe, akwai inda waya ta haɗu ko dayod ya juya ko kafasito yana a kife. In komai daidai ne, cire kwan ka sake kunnawa, ka auna kowane kafasito: kusan 340V, 314V, 288V, sai 68V da 12.7V, in ba ka sa madaidaicin mataki na 8 ba. Bambancin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba damuwa ba ne. Duk lokacin da za ka matsar da mita, kashe, zubar da caji da 47k ɗinka, tabbatar da mita, sannan ka sa hannu. Hannu ɗaya kake aiki da shi, ɗayan a aljihu, da takalmin roba a ƙafa.

Bar shi awa ɗaya. Kashe, ka zare filogi, ka taɓa taransfoma da farantin LM317. In ba ka iya barin yatsa a kai, faranti ya yi ƙanƙanta. Bayan haka ka haɗa fono da bawul ɗinsa, ka maimaita awon duka.

13. In ƙugi ya rage

Toshe mashigar fono da filogin RCA biyu da aka haɗa tsakiyarsu da gefensu. In ya yi shiru, matsalar tana garmaho, kebul ɗinsa ko wayarsa ta ƙasa. In bai yi ba, saurari irin ƙugin, ko ka duba shi da manhajar awon sauti a waya. Mai taushi a 50Hz na maganaɗisu ne ko zoben wayar ƙasa: ja akwatin wuta nesa, ka juya shi, ka ji ko ya canza. Mai kaushi a 100Hz na dayod ne: ko madaidaicin hita ya rasa sarari, ko sifilin gada ya bi ta inda bai kamata ba.

Gwaji na ƙarshe: kana sauraro, kashe makunnin akwatin wuta. Fono zai ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙu da cajin kafasito. In ƙugin ya ɗauke nan take, daga sashen wutarka yake. In ya ci gaba har sautin ya mutu, daga waje yake shigowa, sai ka duba taransfoman amfilifaya, cajar waya, sitabilaiza ko fitilar da ke kusa. Inbata mara tsabtar wuta ma tana sa taransfoma kuka da fono zuzz, kuma wannan ba a gyara shi a cikin akwati, sai an sauya inbatar zuwa mai fitar da wuta irin ta layi.